Dokokin Motsi na Newton a Filin Besbol: Tambayoyi da Amsoshi

Besbol bai samu gindin zama a ƙasar Hausa ba, amma a Amurka, Japan, Kyuba, Jamhuriyar Dominika, Benezuwela da Koriya ta Kudu jama'a na bin sa kamar yadda muke bin ƙwallon ƙafa. Malaman fiziks suna yawan kafa misali da shi, domin kusan duk abin da ake yi a cikinsa jifa ne ko bugu ko cafewa, kuma tun daga shekarar 2015 aka girka na'urorin da ke auna gudun kowace ƙwallo da juyawarta a dukkan filayen babbar gasar Amurka, ta yadda abin da ake musu a kansa a da yanzu ana iya duba shi a alƙaluma. Tambayar da za ta riƙa dawowa a ƙasa guda ce: wane ƙarfi ne ya taɓa ƙwallon, kuma na tsawon wane lokaci?

Yaya ake yin wasan, a taƙaice?

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, suna karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaron fili, kuma masu tsaron fili mutum tara ne. Mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu, ya jefa ƙwallo zuwa inda mai bugu ke tsaye da sanda, a nisan mita 18.44, ma'aunin da aka tsayar tun 1893. A bayan mai bugu akwai mai cafewa a tsugune. Idan sanda ta sami ƙwallo, mai bugu zai yar da sandar ya ruga, yana neman zagaye zango huɗu da aka dasa a kusurwoyin fili, tsakanin kowane zango da na gabansa mita 27.4, kafin abokan hamayya su tsinci ƙwallon su riga shi isa. Idan kuwa ƙwallon ta tsallake katangar ƙarshen fili a sama, sai ya zagaye hankali kwance, kuma wannan ne bugun da suke kira hom ron.

Ita ƙwallon ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Nauyinta tsakanin giram 142 ne da 149, kewayenta kusan santimita 23. A tsakiyarta akwai ɗan ƙulli na totuwar bishiya da roba, an naɗe shi da zare, an lulluɓe da fatar saniya guda biyu da aka haɗa da ɗinki 108 na jan zare. A kula da wannan ɗinki, domin zai sake fitowa a bayani.

Mene ne dokokin motsin guda uku?

Isaac Newton, masani ɗan Ingila, shi ne ya wallafa su a 1687. Ta farko tana cewa abin da ke ajiye zai ci gaba da zama a ajiye, wanda ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Ta biyu tana faɗin yawan canjin da ƙarfi zai kawo: ƙarfi daidai yake da nauyin abu idan aka ninka shi da saurin canjin gudunsa, wato ƙarfi iri ɗaya zai fi saurin canza tafiyar abu mara nauyi a kan mai nauyi. Kalmar nauyi a nan tana nufin yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram. Ta uku tana cewa idan abu ya tura wani, shi ma wancan yana mayar masa da turi daidai gwargwado ta fuskar da ta saɓa, a lokaci guda.

Idan ƙwallo ta bar hannun mai jifa, me ke ci gaba da tura ta?

Babu abin da ke tura ta gaba. Wannan ita ce amsar da ɗalibai suka fi jin wuyar karɓa, domin zuciya tana raya wa mutum cewa ƙarfin hannun yana biye da ƙwallon yana ingiza ta har ya ƙare. Aikin hannu ya ƙare a daidai lokacin da yatsu suka rabu da fatar ƙwallon, kuma daga nan dokar farko ce ke tafiyar da ita, kamar yadda fasinja ke ci gaba da yin gaba idan direba ya taka birki kwatsam, alhali babu wanda ya hankaɗa shi ta baya.

Abubuwan da ke taɓa ƙwallon a hanya biyu ne kawai, ƙasa da iska. Ƙasa tana jan ta zuwa ƙasa da ƙarfin da wasu kafafen labarai ke kira maganaɗisun duniya, ko da yake sunan bai dace ba, tun da yana jan fata da zare kamar yadda yake jan ƙarfe. Jifa mai gudun kilomita 150 a awa yana ɗaukar kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa kafin ya isa wurin mai bugu, kuma a cikin wannan ɗan lokaci jan ƙasa kaɗai zai sauke ƙwallon da kusan santimita 78. Iska kuma tana turje mata, ta rage mata kusan kashi ɗaya cikin goma na gudunta kafin ta isa. Saboda haka gudun da ake nunawa a allon fili gudun ƙwallon ne a lokacin da ta bar hannu, wanda ya ɗara gudun da mai bugu zai tarar.

Daga ina gudun jifa ke fitowa, tun da hannun mutum bai kai haka ƙarfi ba?

Daga ƙasa yake farawa, kuma a nan dokar uku take fitowa fili. Mai jifa yana dafa ƙafarsa ta baya a jikin wani farin katako na roba da aka kafa a saman tudun, ya tura shi baya da iyakar ƙarfinsa, ƙasa kuma ta mayar masa da turin zuwa gaba. Yana yin dogon taku, ya kafe ƙafar gaba, sai tafiyar jikin da ta tsaya daga ƙasa ta koma juyawar ƙugu, daga ƙugu zuwa ƙirji, zuwa kafaɗa, zuwa gwiwar hannu, har ta ƙare a yatsu. Kowace gaɓa tana miƙa wa wadda ta fi ta rashin nauyi, gudun kuma yana ƙaruwa a kowane mataki, kamar yadda bakin bulala ke fin marikinta gudu nesa ba kusa ba. Dokar biyu ta bayyana amfanin dogon takun: yana tsawaita lokacin da hannu ke kan ƙwallon yana tura ta, kuma gudun ƙarshe ya dogara ne ga ƙarfi tare da tsawon lokacin da ya yi yana aiki.

Tudun kansa yana taimakawa, domin mai jifa yana gangarowa ne. Bayan kakar 1968, wadda masu jifa suka danne masu bugu a cikinta har maki ya yi ƙaranci, hukumar gasar ta rage tsayin tudun daga santimita 38 zuwa 25. Jifa mafi gudu da aka amince da shi a hukumance na Aroldis Chapman ne, ɗan asalin Kyuba, wanda a watan Satumba na 2010 ya jefa ƙwallo da gudun kusan kilomita 170 a awa.

Turin da hannu ke yi wa ƙwallo, da wanda gaɓoɓi ke yi wa juna, yana komawa kan jikin mai jifa. Jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu ta ciki ita ce ta fi shan wahala, kuma tana tsinkewa. A 1974 likita Frank Jobe ya yi wa mai jifa Tommy John tiyatar dasa wata jijiyar a madadinta, kuma har yau da sunan ɗan wasan ake kiran tiyatar, wadda ta zama ruwan dare a tsakanin masu jifa.

Da gaske ne ƙwallo tana lanƙwasa a cikin iska, ko ido ne ke yaudara?

Tana lanƙwasa. An daɗe ana wannan gardama a Amurka, har a 1941 mujallar Life ta buga hotuna tana nuna cewa yaudarar ido ce. Wanda ya kashe maganar shi ne Lyman Briggs, tsohon shugaban hukumar ma'auni ta Amurka, wanda a 1959 ya gwada ƙwallaye masu juyawa a cikin bututun iska, ya gano cewa ƙwallo tana iya kauce wa miƙaƙƙiyar hanya da kusan santimita 44 tsakanin tudu da mai bugu. Wannan kaucewa ta zarce faɗin sandar bugu sau shida.

Mai karatun da ya riƙe dokar farko zai tambaya nan take: idan hanyar ta lanƙwasa, wane ƙarfi ne ya lanƙwasa ta? Amsar ita ce iska, ta hanyar juyawar ƙwallon. Mai jifa ba ya sakin ƙwallo haka kawai, yana murza ta da yatsu, ta fita tana wulwulawa sau 2,000 zuwa sama da haka a minti, wato kusan zagaye 15 kafin ta isa. Fatar ƙwallon da ɗinkinta suna jan iskar da ke manne da su. A gefen da fatar ke tafiya tare da iska, iskar takan daɗe tana bin jikin ƙwallon kafin ta rabu da shi, a ɗaya gefen kuma, inda fatar ke karo da iska, takan rabu da wuri. Sakamakon haka iskar da ƙwallon ta baro a bayanta tana karkata gefe guda. Ƙwallon ta tura iska gefe ɗaya, don haka bisa dokar uku iska ta tura ƙwallon ɗaya gefen. Ana danganta wannan da Heinrich Gustav Magnus, masani Bajamushe da ya yi bincike a kai a farkon shekarun 1850, amma Newton da kansa ya ambata a wata wasiƙa ta 1672 cewa ya sha ganin ƙwallon tanis tana lanƙwasa idan aka buge ta a karkace.

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san abin ko da ba su san sunansa ba. Bugun tazarar da Roberto Carlos na Brazil ya yi wa Faransa a 1997, wanda ya yi kamar zai fita waje sannan ya dawo ya shiga raga, wannan ƙarfin ne ya dawo da shi. A besbol mai jifa yana zaɓar fuskar juyawar da yadda ya ɗora yatsunsa a kan ɗinki: idan saman ƙwallon yana juyawa gaba, iska za ta ƙara wa jan ƙasa ƙarfi ƙwallon ta nutse, idan kuma juyawar ta gefe ce sai ta zame hagu ko dama.

Masu cewa ido na yaudara ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Masu bugu suna rantsuwa cewa ƙwallon tana zuwa a miƙe sannan ta karye kwatsam a gabansu, alhali ƙarfin yana aiki a kanta tun daga farko har ƙarshe. Abin da ke faruwa shi ne kaucewar tana taruwa ne kamar faɗuwar dutse daga sama, kaɗan a farko, da yawa a ƙarshe: kashi uku cikin huɗu na dukkan kaucewar yana faruwa ne a rabin tafiya na biyu, lokacin da mai bugu ya riga ya yanke shawarar inda zai kai sandarsa.

Tun da riƙon yatsu ne ke kawo juyawa, santsin sabuwar ƙwallo matsala ce. Shi ya sa kafin kowane wasa a babbar gasar ake goga wa ƙwallayen wata laka da ake ɗebowa a jihar New Jersey kusa da kogin Delaware. Wasu masu jifa sun wuce gona da iri, suna ɓoye abubuwa masu danƙo don ƙara juyawa, har a watan Yuni na 2021 alƙalan wasa suka fara duba hannayensu da hulunansu a tsakiyar wasa.

To, jifan da ake cewa yana tashi sama fa?

Ba ya tashi. Jifa mai gudu yana fita ne da juyawar baya, don haka iska tana tura shi sama, amma turin bai kai nauyin ƙwallon ba a gudu da juyawar da ɗan Adam ke iya samarwa da jifan saman kafaɗa. Ƙwallon tana sauka, sai dai ba ta kai saukar da ƙwaƙwalwar mai bugu ta ƙiyasta ba, shi ya sa sandarsa ke wucewa ta ƙarƙashinta ya ce ta yi tsalle.

Me zai faru idan aka jefa ƙwallo ba tare da juyawa ba?

Akwai masu jifa ƙalilan da suka ƙware a wannan, suna kafa farce a jikin fata su tura ƙwallon ta fita kusan a tsaye, ba ta cika zagaye ɗaya ba har ta isa. A nan ɗinkin ne ke yanke hukunci. Yayin da ƙwallon ke ɗan karkatawa a hankali, wurin da ɗinkin ke karo da iska yana canzawa, fuskar turin ma tana canzawa, sai ƙwallon ta riƙa rawa ta yadda shi kansa mai jifan bai san inda za ta ƙare ba, mai cafewa kuma yakan sa safar hannu mafi faɗi. Jifan ba shi da gudu, amma Phil Niekro ya ci wasa 318 da shi, R.A. Dickey kuma ya samu kyautar gwarzon mai jifa a 2012.

Me ke faruwa a lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo?

Haɗuwar ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma lissafinta yana da sauƙi har ɗalibin sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. A ɗauka ƙwallo mai nauyin kilogiram 0.145 ta iso da gudun mita 40 a daƙiƙa, ta koma da gudun mita 45 a daƙiƙa. Tun da fuskar tafiyar ta juya, canjin gudun shi ne a haɗa biyun, wato mita 85 a daƙiƙa. A ninka 0.145 da 85, a samu kusan 12.3, a raba da 0.001, sai a samu ƙarfin niyuton 12,300 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Wannan daidai yake da nauyin kilogiram 1,250, wato buhun siminti 25 a kan abin da bai fi lemo girma ba, kuma matsakaici ne kawai, domin a tsakiyar haɗuwar ƙarfin ya zarce haka sosai.

Hotunan da aka ɗauka da kyamara mai sauri suna nuna ƙwallon ta lotse a jikin sanda kamar an danna ƙullin fura, sannan ta dawo da siffarta ta tashi. Ba ta mayar da duk abin da ta karɓa. Mafi yawan kuzarin da ya shiga lotsewar yana ɓacewa ne a matsayin zafi a cikin zaren, shi ya sa idan aka maka ta a jikin bango mai tauri takan dawo da kusan rabin gudunta ne kawai.

Daga wannan ne ake samun amsar wata gardamar, wato ko gudun jifa ne ke kai ƙwallo nesa ko gudun sanda. Ƙiyasin da masana irin su Alan Nathan na Jami'ar Illinois ke amfani da shi shi ne, ƙarin kilomita ɗaya a awa a gudun sanda yana ƙara kusan kilomita 1.2 a awa a gudun fitar ƙwallo, amma ƙarin kilomita ɗaya a gudun jifa bai wuce ya ƙara 0.2 ba. Gudun sanda ya fi tasiri kusan sau shida.

Idan ƙwallo tana tura sanda daidai da yadda sanda ke tura ta, me ya sa ƙwallon ce kaɗai ke tashi?

Ƙarfin ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma nauyin ba ɗaya ba ne. Sandar ƙwararru tana kusan giram 900, wato ninki shida na ƙwallo, don haka bisa dokar biyu canjin gudunta ya fi ƙanƙanta. Duk da haka tana jin bugun: tana rage gudu sosai a lokacin haɗuwar, tana girgiza, wani lokaci kuma ta karye gida biyu. Akwai wuri mai albarka kusan santimita 15 daga kan sandar inda girgizar ta fi ƙaranci, kuma bugun da ya faɗa nan yakan fita da ƙara mai kaifi, mai bugu kuma ba ya jin komai a hannunsa. Idan ƙwallon ta faɗa kusa da mariƙi ko can bakin sanda, kuzarin da ya kamata ya tafi da ƙwallo yana komawa girgiza, tafin hannu ya yi zugi kamar na wanda ya sari dutse da fartanya.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ƙarfin riƙon hannu a daidai lokacin haɗuwar ba ya ƙara komai. Kafin girgizar ta gangara zuwa mariƙi ta dawo, ƙwallon ta riga ta tafi, don haka ba ta da labarin ko akwai hannu a kan sandar. A 2012 Todd Frazier na ƙungiyar Cincinnati Reds ya buga hom ron alhali sandar tana kuɓucewa daga hannunsa. Duk aikin mai bugu yana kammaluwa ne kafin haɗuwar, wajen kawo sandar wurin da ya dace da gudun da ya dace.

Wace ce ta fi, sanda mai nauyi ko mara nauyi?

Kowacce tana ba da abu ta karɓe wani. Mai nauyi ba ta ja da baya sosai idan ta yi karo da ƙwallo, amma tana da wuyar kaɗawa, mara nauyi kuma tana kaɗuwa da sauri amma ƙwallon tana rage mata gudu sosai. Babe Ruth ya yi amfani da sanduna masu nauyin fiye da kilo ɗaya, 'yan wasan yau kuma sun koma marasa nauyi, domin jifa ya ƙara gudu kuma sanda mai sauƙin sarrafawa tana ba mai bugu damar jinkirta shawararsa kaɗan.

Wasu sun yi maguɗi ta hanyar huda sanda su cusa totuwa a ciki, suna ganin za ta riƙa cilla ƙwallo kamar roba. A watan Yuni na 2003 sandar Sammy Sosa ta karye a tsakiyar wasa aka ga totuwa a cikinta, aka dakatar da shi. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa irin wannan sanda ba ta ƙara nisan bugu, domin abin da aka samu a saurin kaɗawa an rasa shi a raguwar nauyi. Dabarar da doka ta yarda da ita ita ce sauya inda nauyin yake. A farkon kakar 2025 wasu 'yan wasan New York Yankees sun fito da sanduna masu kumburi a daidai wurin da suka fi samun ƙwallo, bakinsu kuma a tsuke, kuma Aaron Leanhardt, wanda ake danganta ƙirar da shi, tsohon malamin fiziks ne a jami'a.

A makaranta an koya mana cewa kusurwar digiri 45 ce ke kai abu mafi nisa. Haka yake a besbol?

A'a, kuma laifin yana ga jimlar nan da littattafan makaranta ke sakawa a ƙarshen kowace tambaya, cewa a yi watsi da turjiyar iska. A ganina wannan jimla ta sa ɗalibai da yawa ɗaukar iska a matsayin ƙaramin gyara, alhali a besbol ita ce ke cinye kusan kashi biyu cikin biyar na nisan bugu. Ƙwallon da ta bar sanda da gudun mita 45 a daƙiƙa, da babu iska, za ta yi tafiyar mita 207 a kusurwar digiri 45. A fili na gaskiya ba ta wuce kusan mita 120. Tun da iska tana rage gudu a duk tsawon lokacin da ƙwallon ke sama, kuma juyawar baya tana ɗan tallafe ta, kusurwar da ta fi kai ta nesa tana tsakanin digiri 25 ne da 30. Hanyar ma ba ta daidaita gaba da baya: ƙwallon tana hawa a kwance, ta sauko a tsaye, kuma masu tsaron bayan fili suna koyon karanta wannan ne da ido tun suna yara.

Me ya sa ake cewa filin birnin Denver aljannar masu bugu ne?

Domin birnin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,600 daga matakin teku, inda kaurin iska bai wuce kusan kashi 82 cikin ɗari na wanda ke bakin teku ba. Iska mara kauri tana cutar mai jifa ta fuska biyu: ƙwallon da aka buga tana yin nisa saboda turjiya ta ragu, jifansa mai lanƙwasa kuma ba ya lanƙwasa sosai, tun da iskar da zai tura ta yi kaɗan. Bushewar iskar ma tana busar da ƙwallaye su ƙara tsalle, shi ya sa tun 2002 ake ajiye su a wani ɗaki mai daidaitaccen danshi kafin wasa a filin Coors Field, kuma yawan hom ron ya ragu bayan haka. Birnin Meziko ya fi Denver tsayi, sama da mita 2,200, kuma a wasan da San Diego Padres da San Francisco Giants suka yi a can a watan Afrilu na 2023, an tashi 16 da 11, an buga hom ron 11.

Yaya mai cafewa ke tare ƙwallo mai irin wannan gudu ba tare da hannunsa ya karye ba?

Lissafin bugu ne aka juya shi. Dole ne a cire wa ƙwallon dukkan gudunta, kuma abin da mai cafewa ke da iko a kansa shi ne tsawon lokacin da cirewar za ta ɗauka. Duk wanda ya taɓa kallon masu sauke kankana daga mota ya ga dabarar: mai karɓa ba ya kafe hannuwansa, yana tarar kankanar a gaba ya bi ta da hannu zuwa ƙirjinsa, don haka ba ta fashewa. Idan aka ninka nisan tsayawar sau biyar, matsakaicin ƙarfin da ke kan hannu zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Safar mai cafewa tana da kauri, tana da aljihu tsakanin babban yatsa da manuni inda ƙwallon ke faɗawa ba a kan ƙashin tafi ba, fatar kuma tana miƙewa kaɗan.

Hular kwano ma haka take aiki, tana tsawaita lokacin bugun ta kuma baza shi a faɗin kai. A watan Agusta na 1920 ƙwallo ta sami Ray Chapman na ƙungiyar Cleveland a kai, ya rasu washegari, amma sai a 1971 aka wajabta wa masu bugu sanya hular a dukkan babbar gasar.

Me ya sa 'yan wasa ke zamiya a ƙasa a zango na biyu da na uku, amma ba sa yi a na farko?

Dokar wasa ce ta haɗu da dokar farko ta Newton. Mutumin da ke gudu da iyakar ƙarfinsa ba zai iya tsayawa cak ba sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. A zango na farko an yarda mai gudu ya taka ya wuce ba tare da an fitar da shi ba, wato ba tare da damarsa ta zagaye fili ta ƙare ba, don haka ba shi da dalilin rage gudu, kuma zamiya a nan takan jawo masa asarar lokaci ne, tun da gugar ƙasa birki ce. A zango na biyu da na uku kuwa, idan ya wuce aka taɓa shi da ƙwallo ya fita. Da zai tsaya da ƙafafu, sai ya fara rage gudu tun da sauran taku da yawa, amma zamiya tana ba shi damar riƙe gudunsa har kusa da zangon, sannan ya shimfiɗa cinya da ƙugu a ƙasa gugar ta tsayar da shi a ɗan gajeren nisa, ga shi kuma ya yi ƙasa inda hannun mai tsaro zai daɗe kafin ya kai gare shi.

Wanda ke niyyar wuce zango na farko zuwa na biyu kuma ba ya bin miƙaƙƙen layi. Juya kwana mai kaifi yana bukatar ƙasa ta tura shi gefe da ƙarfin da takalmi ba zai iya riƙewa ba, sai dai ya kusan tsayawa. Saboda haka tun kafin ya isa yakan buɗe zuwa dama ya yi baka, ya taka kusurwar zangon ta ciki yana jingine da jikinsa hagu, ƙusoshin takalminsa suna cizon ƙasa, ya ƙara 'yan mitoci a tafiyarsa domin kada ya rasa gudun da ya tara.